Kun Tambaya: Ƙashin Hannu Zai Iya Faɗin Tsawon Mai Shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wanga karo saƙonni biyar na ware cikin waɗanda sunka shigo, duka kan awon hannu da tsawon mutum suke kewayawa duk da masu su ba su san juna ba. Na farkon ya kwana biyu a zuciyata kafin in iya ɗaukar bik, shi ya sa za ku ga na daɗe a kanshi.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga nan Tawa, ɗiyata ce ke rubuta mani ga salula. Ɗana na fari ya tahi biɗa Libiya shekara shida kenan, kiran ƙarshe da ya yi muna daga Agadas ne ya ce gobe za su shiga mota, tun ranar shiru. Kwanan baya wani da ya komo ya ce direbobi sun ga ƙasusuwan mutane gefen wata tsohuwar hanya, sai wani yaron maƙwabta ɗan lakkwal ya ce mani wai likitoci na iya ɗaukar ƙashin hannu guda su faɗi tsawon mai shi. Ɗana dogo ne Malam, sai ya duƙa yake shiga ɗakina. Dan Allah gaskiya ne? In gaskiya ne suna iya gane mani shi?
Wata uwa, Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam Inna. Kafin komi Allah Ya bayyana miki ɗanki cikin alheri, Ya sanyaya miki zuciya. Wanda anka yi ma rasuwa ana zuwa a yi mishi gaisuwa a yi addu'a a watse, ke kuwa shekara shida kina kallon ƙofa, kuma gidaje irin naki a Adar ba su ƙirguwa don mu duka mun san yadda samari ke ficewa in an gama girbi.

Yaron nan bai yi miki ƙarya ba, amma rabin magana ya kawo miki, bari in cika sauran.

A hannun mutum akwai dogayen ƙasusuwa uku. Guda a damtse daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, biyu a sangali daga gwiwa zuwa tsintsiyar hannu, ɗaya ta wajen babban yatsa ɗaya ta wajen ƙaramin. Waɗannan ƙasusuwa daga bakinsu suke ƙaruwa, kusa da kowane baki akwai wani guringuntsi da ke ta haifar da sabon ƙashi tun yaro na goye har ya kai wajen shekara 18 zuwa 20, sannan wurin ya daskare tsawo ya tsaya. Da yake jini ɗaya da tuwo ɗaya ke ciyar da hannu da ƙafa da gadon baya, tare suke tahiya, shi ya sa ba ki taɓa ganin zanƙalelen mutum da guntun damtse ba sai in wata lalura ce. To masana sun auna gawarwakin mutane da yawa waɗanda anka san tsawonsu, sunka auna ƙasusuwansu, sunka fitar da lissafi. Ana kwantar da ƙashin kan wani allo mai bango gefe guda da ɗan katako mai zamewa, kusan irin wanda ake kwantar da jinjiri a kai a asibiti ranar awo, a karanta tsawon har da milimetir. Wani lissafi da anka fitar a Amurka a 1952 don maza baƙar fata ya ce a ninka tsawon ƙashin damtse sau 3,26 a ƙara 62,10. In ƙashin santimetir 33 ne, sai ya ba da 170 ba kaɗan.

Ga inda rabin da yaron bai faɗa ba yake. Wannan 170 ɗin ba ita kaɗai take zuwa ba, tana jan wutsiya. Su masu lissafin da kansu sun rubuta cewa kuskurenshi na kai santi 4 da rabi sama ko ƙasa, kuma wannan ma mutum biyu cikin uku kawai yake kamawa, in ana son a kama 95 cikin 100 sai an ninka wutsiyar biyu. Kenan likita mai amana ba zai ce miki mai wanga ƙashi 170 ne ba, cewa zai yi yana tsakanin 161 da 179. Inna ki shiga kasuwar Tawa ranar Lahadi ki dubi mazan da ke ciki, mafi yawansu tsakanin nan suke. Saboda haka tsawo shi kaɗai ba ya faɗin suna, ko kusa.

Amma yana da ranarshi, kuma ga irin ɗanki ranar tashi babba ce. Aikinshi shi ne fitar da mutane daga lissafi. In anka tsinci ƙashin damtse mai santi 29, lissafin zai ba da wajen 157, ko an ja wutsiyar iyakarta ba za ta wuce 166 ba, to mutumin da sai ya duƙa yake shiga ɗaki ba shi ba ne, an rufe wannan ƙofa, uwa ɗaya ta huta da zargi. In kuwa ƙashin 38 ne zai ba da wajen 186, a nan sai a ce a dubi dogaye cikin waɗanda ake cigiya, kuma masu aikin sun san lissafin yana da halin rage ma dogo sosai kaɗan ya ƙara ma gajere sosai kaɗan, don kullum wajen tsaka-tsaki yake ja. Da ana da zaɓi ƙashin cinya za a ɗauka ko na ƙwauri, don su a cikin tsayuwar mutum suke, hannu kuwa rataye yake a gefe ba ya ɗauke da kowa. Sai dai hamada ba ta ba da zaɓi. Dila ya ja, ungulu ta ɗauka, iska ta rufe ta buɗe, abin da anka samu da shi ake aiki, shi ya sa anka wahala wajen fitar ma kowane ƙashi nashi lissafin.

Abin da ke gane mutum da gaske abubuwa ne da ke taruwa. Ƙashin ƙugu ya faɗi namiji ne ko mace, bakin ƙasusuwa da haƙora su faɗi shekaru, tsawo ya zo ya ƙara matsewa, sannan alamomin da shi kaɗai ke da su: tsohuwar karaya da anka ɗora ta warke don ɗori kan bar alama a ƙashi, haƙorin da ya karye ko wanda anka cire, haƙorin Makka, zobe, laya, ɗan katin waya a aljihu. A ƙarshe gwajin ADN, wato ƙwayoyin halittar da mutum ke gadowa daga iyaye, kuma a wanga gwaji jinin uwa ko yawunta na cikin mafi ƙarfin abin da ake kwatantawa da shi.

Don haka ga roƙona gare ki. Ki tahi ofishin Kurwa Ruj, suna da sashen cigiyar dangin da anka rabu da su kuma ba a biyan ko dala, ki sa a rubuta sunanshi. Ki tahi da foto, in akwai wanda yake tsaye kusa da wani da ke nan gida yanzu ya fi, don ana iya auna wancan a kwatanta. In kina da kwafin katinshi na ɗan ƙasa ki haɗa, sai dai tsawon da ake rubutawa a takardu sau da yawa da ido ko da baki ake sa shi ba da awo ba, don haka kar a dogara gare shi shi kaɗai. Ki tuna duk wata karaya da ya taɓa yi, wane hannu, yana shekara nawa. Ƙofar ɗakin nan kuma da kinka ce sai ya duƙa, ki sa ɗiyarki ta auna ta da metir ta rubuta, wallahi wannan shaida ce ta gaske, ta fi a ce dogo ne kawai.

Kuma kar labarin direbobi ya sa ki yanke ƙauna. Gaskiya ne hanyar ta ci mutane, ba mu manta Oktoba 2013 ba da anka tsinci gawa 92 arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawanci mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Amma gaskiya ne kuma akwai waɗanda anka tsare a gidajen kaso na Libiya ba waya ba labari sunka komo bayan an fidda rai. Rubuta sunan yana aiki ta fuska biyun.

TAMBAYA: Barka da aiki Malam. Ni ɗalibi ne a fannin likita jami'ar Abdu Mumuni. Mun ga wata formil ta kubitus, ƙashin sangali na wajen ƙaramin yatsa, a ninka sau 3,70 a ƙara 74,05, munka gwada kan junanmu a ɗaki. Nawa santi 29 ne, ta ba ni 181, alhali ni 174 ne ko da takalmi ban kai 181 ba, kuma kusan duk abokaina ta ƙara musu. Formil ɗin ce ta banza ko mu ne ba mu iya awo ba?
Ɗalibi, Yamai

AMSA: Ƙanena na ji daɗin wanga saƙo ƙwarai, don kun yi abin da ya kamata, kun gwada ba ku haddace kawai ba. Formil ɗin ba ta banza ba ce, rigar wani ce kunka sa. Wadda ka kawo ta maza farar fata ce ƴan Amurka. A takarda ɗaya akwai ta maza baƙar fata, a ninka kubitus sau 3,26 a ƙara 79,29, sa 29 ɗinka a ciki ka gani, 174 ba kaɗan za ta ba ka. Ƙashi ɗaya, bambancin santi 7 da rabi.

Dalili shi ne rabon jiki ba ɗaya ba ne ko'ina. Mutanen da kakanninsu sunka daɗe a ƙasashen zafi galibi sangalin hannunsu da ƙwaurinsu sun fi tsawo in an kwatanta da gangar jiki, doguwar gaɓa siririya ta fi saurin fitar da zafi, na ƙasashen sanyi kuma a dunƙule suke. To formil da ta saba da guntun sangali in ta ga naka sai ta ɗauka wani basamude ne. Amma kar ka ce shikenan ta baƙaƙen Amurka tamu ce, a kanka ta dace, a kan na kusa da kai tana iya kaucewa, don mutanen da anka auna can ba Adarawa ba ne ba Zabarmawa ba ne ba Buzaye ba, cimarsu ta ƙuruciya daban. Kuma ka san a ƙasarmu sama da yaro 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara biyar tsumburewa ke kama su, wannan kuwa ƙafa ta fi taɓawa bisa gangar jiki, kenan rabon yana motsawa. Sannan ku a kan fata kunka auna mai rai, formil ɗin kuma don ƙashi tsirara anka yi ta, wannan ma yana ƙara ƴan milimetir.

Yana da kyau ka san inda lambobin nan sunka fito. A 1888 wani likita a Liyon ta Faransa, Etienne Rollet, ya auna gawa 100, maza 50 mata 50, da yawansu tsofaffi. Wani masani ɗan Faransa, Manouvrier, ya sake tace su ya yi tebur, sannan a 1899 Karl Pearson a Ingila ya ɗauki awon Rollet ɗin ya fitar da irin formil da muke gani yau ta ninkawa da ƙarawa. Shekaru da yawa duniya na auna matattunta da gawa ɗari na asibitin Liyon. Wadda ta canza abin mace ce, Mildred Trotter, malamar ilimin sassan jiki da anka kira Hawai a 1948 don ta taimaka a gane gawarwakin sojojin Amurka na yaƙin duniya na biyu. Ita ta ga abin da ba a taɓa samu ba: kowane soja an auna tsawonshi da rai ranar da anka ɗauke shi aiki, an rubuta, ga kuma ƙashinshi a gabanta. Ita da Goldine Gleser sunka buga sakamakon a 1952, sunka ƙara na yaƙin Koriya a 1958, kuma formil ɗin da ke hannunka daga nan take.

Wani abu kuma da nake so kowane ɗalibi ya riƙe. Sama da shekara 40 bayan aikin 1952, wajen 1994 da 1995, Richard Jantz da abokan aikinshi sunka koma kan ƙasusuwan da ta auna sunka gano cewa a ƙashin ƙwauri ba ta haɗa da ɗan tsinin nan na idon sawu ba, alhali a rubuce an ce da shi. Wajen santi ɗaya ne, amma duk wanda ya auna da tsinin ya sa a formil ɗinta sai ya ƙara ma mamaci santi biyu zuwa uku bai sani ba. Wannan bai rage mata daraja ba a wurina, aikinta ya maida ɗiyan mutane da yawa ga iyayensu. Abin da nake nufi, kafin ka yi amfani da formil ka karanta daga ina zuwa ina mai ita ya aza metir.

Akwai wata hanyar da ba ruwanta da ƙabila, ta likita Georges Fully ɗan Faransa, 1956, wanda ya yi aikin gane Faransawan da sunka mutu a sansanin fursunoni na Mauthausen lokacin yaƙin duniya na biyu. Shi ba ya ninka komi, tarawa yake: tsayin ƙoƙon kai, ƙasusuwan gadon baya ɗaya bayan ɗaya, cinya, ƙwauri, ƙashin idon sawu da dunduniya, sannan ya ƙara santi 10 zuwa 11 da rabi na nama da guringuntsin da sunka ruɓe. Ta fi daidai nesa ba kusa ba, matsalarta sai ƙwarangwal ya kusa cika, kuma ka lura hannu ba ya ciki sam.

Yanzu ga abin da ke cina. Afirka ta Kudu sun zauna sun fitar da nasu lissafin daga tarin ƙasusuwan jami'ar Wits a Johannesbag, malaman jami'o'in Zariya da Kano sun yi ta auna hannu da ƙafar masu rai suna fitar da nasu. Kai nan da ƴan shekaru za ka rubuta tez, binciken kammala karatu. Ba sai ka taɓa kabarin kowa ba, kubitus ana jin bakinshi biyu ta kan fata, metir da ma'aunin tsawo da izinin mutane kawai kake buƙata, ka auna a Yamai ka auna a Tawa da Maraɗi da Damagaram, maza daban mata daban, safiya ko marece ka rubuta don mutum na raguwa santi ɗaya zuwa biyu tsakanin asuba da dare. Ƙasar da hamadarta ke cike da ƙasusuwan da ba su da suna ita ta fi kowa buƙatar wanga aiki, ka koma ka karanta wasiƙar Innar da ke sama.

TAMBAYA: Malam mu sana'armu ginar rijiya ce tun kakanni, da gaba muke ƙirga zurhi. Babana yana cewa gaban mutum daidai yake da tsawonshi. Ni da na gwada tawa ta ɗara tsawona. Wa ke da gaskiya?
Maginin rijiya, wani ƙauye kusa da Tawa

AMSA: Sannu da aiki Malam, Allah Ya tsare ku a ƙarƙashin ƙasa. Ku biyun kuna da gaskiya. Maganar Baba tsohuwar magana ce da duniya ta daɗe da sani, wani magini na Rum mai suna Vitruvius ya rubuta ta sama da shekara 2000 da sunka wuce, Leonardo da Vinci kuma ya zana ta wajen 1490, mutum ya ware hannuwa cikin murabba'i. Kusan daidai ne. Amma a mutanenmu gaba takan ɗara tsawo da ƴan santimetir saboda doguwar gaɓar da na faɗa ma ɗalibin can, don haka kai ba wani abu ne ya same ka ba.

Ni abin da ke burge ni shi ne mun daɗe muna awo da jiki: taƙi, kamu, gaba, kuma kowace mace da ta taɓa sayen ƙyalle ta san kamun dogon ɗan kasuwa ya fi riba. Kalmar kubitus ɗin ma da ƴan likita ke faɗi daga Latin take, gwiwar hannu take nufi kuma ita ce kamu, abin da littattafan fiƙihu ke ce ma zira'i. Ilimin da muke magana a kai juya abin kawai ya yi, maimakon a auna duniya da hannu sai a auna mai hannun.

A asibiti ma ana amfani da shi ga masu rai. Tsoho ko maras lafiyar da ba ya iya miƙewa kuma ana buƙatar tsawonshi don a san ko ya rame fiye da kima, sai a naɗe hannunshi na hagu kan ƙirji a auna daga tsinin gwiwa zuwa ɗan ƙullutun tsintsiyar hannu a duba tebur, ko a auna gabanshi. Amfanin shi ne tsufa na cin tsawo amma ba ya cin hannu. Guringuntsin gadon baya ke lotsewa mutum ya ranƙwafa, Trotter ta ƙiyasta ragin da 0,06 na santi kowace shekara bayan 30, ɗan 60 kenan ya rasa kusan santi biyu, ƙashin damtsenshi kuwa yana nan yadda yake ranar aurenshi. Sai dai ma'aikatan jinya su kula, teburin kubitus da ya fi yawo daga Ingila yake, kuma an ga yana ƙara ma baƙar fata tsawo, wanda anka ƙara ma tsawo kuwa sai lissafi ya nuna ya fi ramewa bisa gaskiya.

TAMBAYA: Malam ɗan metir mai kala ja da rawaya da kore da ake naɗa ma yara a damtse ranar awo, shi ma tsawo yake faɗi?
Wata mai goyo, Yamai

AMSA: A'a ƴar'uwa, wancan kauri yake aunawa ba tsawo ba, don a gane tamowa ga yara ƴan wata 6 zuwa shekara 5. In ya tsaya kan ja, wato ƙasa da milimetir 115, a kai yaro asibiti a ranar kar a jira gobe. Rawaya 115 zuwa 125 ne, shi ma yana son a duba shi. Ki roƙi a koya miki naɗa shi da kanki, ba shi da wuya.

TAMBAYA: Malam tambaya biyu gare ni. Na ji an ce an tono wasu mutanen da a Tenere masu tsawon metir biyu, yaya anka sani? Ta biyu, muna haƙar ƙasar birgi bayan gari munka ci karo da ƙasusuwa kamar na mutum, wasu sunka ce a tattara a buhu a sake rufewa wani wuri. Mi ya kamata?
Wani magidanci, Tawa

AMSA: Ta farko Gobero kake nufi, a yankin Agadas bakin Tenere. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno na jami'ar Shikago suna neman ƙasusuwan dinozor sunka faɗa kan maƙabarta, daga baya anka ƙirga kaburbura wajen 200, anka buga binciken a 2008. Lokacin nan wurin bakin tafki ne. Al'umma biyu sunka zauna can ɗaya bayan ɗaya, na farko tsakanin 7700 da 6200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masunta ne ƙarfafa masu kama giwan ruwa da mashin ƙashi, su ne wasunsu sunka kusa metir biyu. Fari ya kore su na wajen shekara dubu, da ruwa ya komo wasu sunka zo, 5200 zuwa 2500, gajeru sirara bisa na farko. Cikin na biyun ne anka samu kabarin wata mace da yara biyu an kwantar da su suna fuskantar juna hannuwansu a sarƙe, ni duk sanda na ga hoton nan sai jikina ya yi sanyi. Tsawon irin waɗannan mutane daga awon dogayen ƙasusuwa yake fitowa kamar yadda na bayyana, shi ya sa masu binciken kirki ke cewa kusan ko wajen, don ba wanda ya auna su da rai.

Ta biyu ita ce mai gaggawa. Alhaji dan Allah kar a tattara a buhu. Ku tsaida haƙa a wurin, ku rufa tabarma ko buhu a kai ku danne da duwatsu saboda karnuka da yara, ku ɗauki foto daga nesa da kusa ba tare da kun motsa komi ba, sannan a sanar da maigari da jandarma ko kwamisariya. Yadda ƙasusuwan ke kwance shi kanshi magana ne: a gefen dama yana kallon gabas ne irin kwanciyar Musulmi, ko a naɗe yake irin na mutanen da, ko a yashe yake ba kabari. In tsohon tarihi ne akwai masana a cibiyar binciken tarihi da al'umma ta IRSH ta jami'ar Yamai, in sabo ne kuma to wataƙila wata uwa na can tana jira. Da zarar an zuba a buhu duk wannan ya tahi, in mutum biyu ne ma sun gauraye, a ɗauki damtsen wani a haɗa da cinyar wani.

Kuma tsohon ƙashi kamar busasshen kara yake, bakinshi ke fara marmashewa, awon tsawo kuwa sai da baki biyun. In baki ɗaya ya tahi sai an fara ƙiyasta tsawon ƙashin daga guntun, sannan a ƙiyasta tsawon mutum daga wancan ƙiyasin, kuskure kan kuskure, wutsiyar nan ta santi 9 ta ƙara tsawo har ta daina amfani. Kar a wanke, kar a goge da buroshi, kar kowa ya ɗauki haƙori ya sa aljihu don cikin haƙori da ƙashi mai kauri ADN ya fi daɗewa. Addininmu ma ya riga ya faɗa, a hadisin Nana A'isha da Abu Dawuda ya ruwaito, karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. In hukuma ta gama abin da za ta yi ta ba ku izini, sai ku nemi liman da farin ƙyalle a yi mishi sutura, kuma ku sa alama a inda kunka rufe shi ku rubuta ranar a takarda ku ba maigari ya ajiye.